Rigar da Na Ce Ba ta Kowa Ba Ce

Sannunku da jira, 'yan uwa. Na ga ƙorafinku, har wata tana tambaya ko mutuwa na yi. Ban mutu ba, 'yar nan, bikin Makon Kaka na garinmu ne ya bi ta kaina, kuma abin da ya faru a cikinsa sai da na zauna na huce kafin hannuna ya yarda ya ɗauki waya. Ku gyara zama.

Wanda yau ya fara leƙowa, ni ce Effie Birrell, shekaruna sittin da takwas, jikoki biyu, gwiwa ɗaya mai lafiya. Mijina Davie masunci ne, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ina zaune ni kaɗai a gidanmu na layin tashar jiragen ruwa, mai koren ƙofa. Ina da 'ya, Rhona, ma'aikaciyar jinya a birnin Dundee, wadda tun bara ta gyara mini ɗaki a gidanta, har labule ta sa mai zanen furanni. So take in tattara in koma can, a ba ɗaliban jami'a hayar gidan. Sai kuma Wattie Meldrum, tsohon kafintan jiragen ruwa, mai kaɗa goge, gwauro, wanda tun bazara ya tsaya a ƙofar kicin ɗina da hularsa a hannu ya ce, "Effie, shayin mutum ɗaya ba ya daɗi. Ki duba maganar." Na ce zan duba. Har ganye ya fara zuba ina dubawa.

Ba wai ba na so ba ne. Rhona ce. Ranar da ta shigo ta same shi zaune a kujerar babanta yana gyara mini marfin butar shayi, ta jira sai da ya fita. Sannan ta ce, "Mama, ba na son in ji sunanki a bakin mutane." Daga nan ta ɗauke ƙafa, ta ɗauke waya, ta ɗauke mini jikoki, sai da aka yi kusan wata kafin ta huce. Yarinyar ubanta ce tun tana rarrafe. Don haka lissafin a fili yake: in na ce wa Wattie to, ina iya rasa Rhona da yaran. In na ce a'a, labulen Dundee na jirana.

To, kun san garinmu in kaka ta shigo. Ɗalibai sun dawo da jajayen rigunansu da kekunansu, in ba ka yi sammako ba ko burodi ba za ka samu a shago ba. Masu zane sun jera hotunansu a tagogin kantuna, har a na mai sayar da nama, ga hoton teku ga cinyar rago. Mawaƙan jami'a suna babban coci, ranar Juma'a rawar gargajiya ta keli a zauren gari, ga gasar wainar tuffa da duk shekara sai an yi faɗa a kanta. Bana kwamitin ya ƙaro wani abu: baje kolin rigunan sanyin masunta da muke kira ganzi a zauren cocin masunta, a rufe da waƙoƙin teku ranar Asabar da la'asar.

Yaran yanzu a kanti suke sayen ganzi, su sa a kan wandon jins. Mu da muka tashi a layin tasha kuwa mun san ba rigar sanyi ba ce kawai. Zaren ulu shuɗi mai duhu, saƙa mai tauri da iska ba ta ratsawa, ba ɗinki ko ɗaya a jikinta, kuma kowace mace da zanen adon saƙarta, ana gane shi kamar yadda ake gane fuskarta. Mace ba ta saƙa wa namiji ganzi haka siddan. Ubanta, mijinta, ɗanta. In aka ga saƙarta a jikin wanda ba ɗaya daga cikin ukun nan ba, to mata su fara kakkaɓe hular biki.

A watan Yuni na ɗora zare a tsinke. Na ce wa kaina ta baje koli ce.

Senga Doig, ƙawata tun muna firamare, ta shigo wata rana ba sallama kamar yadda ta saba, ta ɗaga rigar daga kan cinyata tana juyawa.

"Ta wa ce?"

"Ta baje koli."

"Baje koli na da faɗin ƙirji haka?"

"Ba ta kowa ba ce, Senga. Ajiye mini kar ki zare tsinken."

Ta miƙe hannun rigar, ta miƙe, ta miƙe, har ya wuce nata. "To ba-kowan nan Allah ya yi masa dogon hannu. In ya zo ki turo mini shi ya sauko mini da tukunya daga saman kabad."

"Bakinki ne zai kashe ki."

"Ni kuwa ina ganin naki rufe shi ne zai kashe ki, tsohuwar banza."

Ku zan gaya wa gaskiya, tunda ba a layinmu kuke ba. Duk ranar Talata a gwajin waƙa kujerata tana bayan ta Wattie. Ban taɓa ɗora masa awo ba, Allah ya sani. Ido ne kawai ya yi ta aikinsa, yatsu suka bi.

Ana saura kwanaki kaɗan saƙon Rhona ya shigo: "Mama, na samu masu kula da gidajen haya, za su zo su ga gidan. Gani kawai za su yi, kar ki tayar da hankali." Na mayar mata: "Su zo da takalmi mai tsabta." Ta turo hoton labulen, karo na uku ke nan. Sannan ta ce Asabar tana aiki, ba za ta samu zuwa ba, in ɗauko mata hoto. Ban ɓoye muku ba, sai na ji numfashina ya sauka.

Ranar Asabar na sa siket ɗina na ulu mai ruwan toka, farar riga mai ƙananan maɓallai, da ƙaramar suwaita ruwan goro. Na maƙala abin ƙirji na azurfa da uwata ta bar mini. Na tsaya gaban madubi na daɗe, sannan na buɗe aljihun tebur na ɗauko jambakin da rabona da shi tun bikin sunan jikana. Ya ɗan bushe, amma ya kama. Na ɗauki tukunyar miyar kifi da dankali da gwangwanin biskit mai man shanu, na gangara.

Senga na ganina ta ce, "Iye! Wa ya mutu ya bar miki gado?"

"Riƙe tukunyar nan."

"Jambaki kuma na baje koli ne?"

Zauren ya yi kyau, ba laifi. An gicciya filafilan jirgi a jikin bango, aka zura rigunan a kai hannu a buɗe, kamar mazan da suka mutu sun dawo sun jeru suna jiran runguma. Wasu sun girme ni, duk faci a gwiwar hannu. Tawa tana can ƙarshe kusa da taga, ita kaɗai ke sheƙin sabunta. Wannan duk aikin Dakta Philippa ne, malama a jami'a, 'yar kudancin Ingila, shekararta biyu a garin. Yarinya mai kirki, gida-gida ta bi tana roƙon tsofaffi su buɗe akwatunansu, ta sha shayi har ta kusa nutsewa. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya gaya mata, don mu a wurinmu ba abin faɗa ba ne, kamar ka gaya wa mutum teku na da gishiri.

Muna kicin mu shida muna jera kofuna ta faɗo, kumatunta ja, gashi a tsaye.

"Misis Birrell, wata dabara ta zo mini! Masu kiɗan nan huɗu, ina so su hau dandamali da ganzi, mutane su ga rigar a jikin mutum ba a jikin katako ba. Uku sun zo da nasu. Mista Meldrum ne kawai ya ce tasa asu ya cinye tun bayan rasuwar matarsa. Tsofaffin rigunan nan ba za su jure sawa ba, amma taki sabuwa ce, kuma kin ce ba ta kowa ba ce."

Ludayin Senga ya tsaya a sama, miya na ɗiga.

Na ce, "Ba za ta yi masa ba."

"Ai na kara ta a bayansa! Kamar don shi aka yi, har hannun."

Wata ta shaƙe da tari. Senga ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. In na hana, sai an tambayi dalili, kuma dalilin shi ne abin da na yi wata huɗu ina musu. Ramin da na haƙa da bakina ne, ga ni a bakinsa.

Na ce, "Ki tambaye shi. In ya yarda."

Na jefa wa bawan Allah garwashin a hannu, na koma kan kofuna.

Mutane sun fara cika kujeru, na samu wuri a layi na uku, Senga a damana. Ina gyara jaka ke nan na ji an dafa kafaɗata, ƙamshin sabulun asibiti ya bugi hancina.

"Matsa mini, Mama."

Rhona. Da rigar ruwanta shuɗiya, gashi a ɗaure, da 'yar ledar furanni a hannu.

"Ba kin ce kina aiki ba?"

"Na yi musaya da wata. Na ce ba za a baje saƙar uwata ba na nan ba." Ta sumbace ni a kumatu, ta ja baya ta dube ni. "Jambaki kika sa?"

"Iska ce ke fasa mini leɓe."

Senga ta ce, "Sosai ma. Iskar bana ba ta da kunya."

Na taka mata ƙafa da gwiwar mai lafiya.

Sai wayata ta yi motsi a jaka. Na ciro, na karkata ta gefen Senga. Wattie ne. Da yatsa ɗaya yake rubutu, ba ruwansa da aya ko waƙafi:

"Effie yarinyar nan ta kawo mini rigarki ita ba ta sani ba amma ni na sani in kin ce a'a zan ce ta matse ni a hammata ba wanda zai ji komai"

Rhona ta ce, "Waye?"

"Maganar miya ce."

Na zauna da wayar a tafin hannuna tana ɗumi. Ga 'yata a hagu, kafaɗarta na gugar tawa, ta baro aiki ta yi tuƙi don ta faranta mini. Ga mutum a bayan labule, riƙe da rigar da ya san tasa ce tun da ya ga tsawon hannun, amma ya buɗe mini ƙofar gudu, har ya tanadi ƙaryar da zai yi don ya rufa mini asiri. Tun bazara yake jira, bai taɓa sake tayar da maganar ba. Kifi yake kawowa ranar Juma'a, ya ajiye, ya tambayi gwiwa, ya tafi. Na tambayi kaina, Effie, sai yaushe? Sai an kai ki ɗakin labule kina leƙen motoci ta taga?

Ni ma da yatsa ɗaya na rubuta: "Sa ta. Zauren akwai sanyi."

Na tura, na jefa wayar can ƙasan jaka, na ɗora jakar a cinya na danne da hannu biyu kamar za ta gudu.

Aka fara. Ɗalibai suka yi waƙa biyu, muryoyinsu garau, Allah ya yi musu albarka. Wani saurayi mai gemu ya karanta waƙar da ya rubuta a kan ciyawar teku, ta yi tsawo har wani dattijo ya yi minshari. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Sannan Dakta Philippa ta hau ta ce ga masu kiɗan tasha.

Uku suka fito, aka tafa. Wattie ya fito a ƙarshe, goge a hammata, ya aske gemu, kunnuwansa ja kamar dafaffen ƙaguwa.

Jama'a, rigar ta zauna. Ba yabon kai ba, amma ta zauna. Kafaɗa daidai kafaɗa, wuya daidai wuya, igiyoyin zanen sun sauko a ƙirjinsa a miƙe, zanen tsani yana tsakiya.

Ɗalibai da baƙi suka ƙara tafi, su ado suka gani. Amma layukan gaba, inda matan tasha ke zama, ba hannun da ya motsa. Sai kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, kamar tsuntsayen teku a kan rufi in iska ta sauya. Duk ni suke kallo. Na kafe idona a kan agogon bango.

Da an bar shi haka da sauƙi. Amma akwai Jessie Gourlay, ta haura casa'in, kunne ya tafi, murya ta rage, kuma a ganinta raɗa take yi. Ta zunguri jikarta ta ce, yadda har na bakin ƙofa ya ji:

"Wannan ai saƙar Effie ce! Yaushe ne bikin? Ba wanda ya gaya mini!"

Dariya ta fashe a gaba, na baya suna tambayar me aka ce. Dakta Philippa ta dube ni, ta dubi Wattie, ta sa hannu ta rufe baki. Wattie dai ya sa goge a haɓa ya ja baka, don ba abin da ya rage masa.

Kafaɗar da ke jikin tawa ta janye.

"Rigar Baba," in ji Rhona, can ƙasa. Ta miƙe, furannin suka faɗi, ta bi tsakiyar zauren ta fita, takalminta na buga katako daidai da kiɗan.

Senga ta ce, "Bi ta. Zan riƙe miki jaka."

Na same ta a bayan zauren, jikin katangar tasha, inda ake tara kejin kamun ƙaguwa. Ruwa ya janye, jirage sun kwanta a laka, iska na ɗauko kiɗan tana kawowa guntu-guntu. Ta harɗe hannu, ba ta juyo ba.

"Kin ba shi rigar Baba. A gaban duk garin nan."

"Rigar babanki na cikin akwatin katako a gindin gadona, a naɗe da takarda. Ga makullin gida, je ki duba."

"Mama, ina da ido! Igiya biyu, tsani a tsakiya. A kan zanen nan na yi barci ina yarinya, har shatarsa ke fitowa a kumatuna."

"Hannun babanki ya kai wancan tsawo?"

Ta ɗan karkato fuska. Davie gajere ne kakkaura, kowa ya sani, in ya tsaya kusa da Wattie a kafaɗa yake tsaya masa. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarta, na ga inda ya tsaya.

"To ai wannan ta fi muni," ta ce. "Sabuwa kika yi masa. Zama kika yi wata da watanni. Ina kiranki kina ce mini talabijin kike kallo."

"Ina kallon. Hannu ne ke aikinsa."

"Kar ki mai da ni abin wasa, Mama!"

"Yi haƙuri."

"Ki yi abin da kika ga dama da kanki, ai ba yarinya ba ce ke. Amma zanen gidan Birrell ne. Na Baba ne. Ba ki da ikon ɗora shi a ƙirjin wani ƙato."

Na jawo keji ɗaya na zauna a kai, don gwiwa ta fara magana. Na ce ita ma ta zauna. Ta ƙi.

"To tsaya, amma ki ji. Gidan Birrell ba su da zane. Kakarki ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ko safa ba ta iya saƙawa ba. Gyaran kifi ta iya, a nan kam ba mai kama ƙafarta. Zanen nan na uwata ne, ita ma a wurin uwarta ta karɓa. Da shi na shigo gidan babanki. Ina 'yar shekara ashirin na saƙa masa ta farko, tun bai yi ƙarfin halin buɗe baki ya tambaye ni ba, don da na jira shi da har yau ina gidanmu. Ni na ba shi, Rhona, ba shi ya ba ni ba. Ya sa fiye da shekara arba'in, ya ji ɗuminsa, ya tafi. Zanen bai bi shi ba. Ga shi nan a yatsuna."

Ta juyo. Hancinta ya yi ja irin na ubanta in zai yi kuka yana musun ba kuka ba ne.

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Sau nawa na zaunar da ke in koya miki? Kika ce tsinke na sa ki ciwon kai."

"Ni duk inda na ga zanen nan Baba nake gani."

"Ni ma, 'yar nan. Ba layin da na saƙa ban gan shi ba. Na gan shi, na gaishe shi, na ci gaba."

Ta goge ido da bayan hannu. "Ɗakin fa? Har labule na sa."

"Labulen na da kyau."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Yana da kyau ƙwarai."

Kiɗa ya tsaya a ciki, aka shiga hutun shayi. Ƙofar baya ta buɗe, sai ga Wattie, yana takowa a hankali kamar mai tafiya a kan jirgin da bai yarda da katakonsa ba. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Rhona, sannu da hanya."

"Sannu, Mista Meldrum."

Na ga maganar ta soke shi. Yarinyar da ta tashi tana ce masa Kawu Wattie, tana wasa da ɓawon katako a rumfarsa duk lokacin da jirgin ubanta ke gyara. Ya kama gefen rigar da hannu biyu.

"In cire?"

Ni ya tambaya, amma ita yake kallo.

"Ba ni za ka tambaya ba," in ji Rhona.

Sai suka zuba mini ido su biyun. Na dafa katanga na miƙe. Na je na kama hannunsa na hagu, na juya shi, na naɗe bakin hannun rigar sau ɗaya.

Na ce, "Na hagun ya ɗan yi tsawo. Yana taɓa igiyar goge. In an tashi ka ba ni in rage."

"To," in ji shi. Ya ƙara cewa, "To."

Rhona ta dube mu, ta zuge zip ɗin rigar ruwanta har wuya, ta wuce wurin motarta. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma buga ƙofar motar ba. Na tsaya har ta sha kwanar kantin magani.

Wattie ya ce, "Na jawo miki, Effie."

"Kai ka saƙa? Koma ciki, ana jiranka."

Sauran yinin a bakin famfo na yi shi ina wanke kofuna, mata na shigowa ɗaya-ɗaya wai neman cokali. Dakta Philippa ta zo har da hawaye tana ba da haƙuri, na cika mata hannu da biskit na ce ta je, ba ta yi komai ba sai abin da ya gagare mu. Jessie Gourlay ta aiko jikarta a gaya mini ita ba ta cin kek mai zabibi, a kiyaye. Senga kuwa tana goge faranti tana cewa hularta ta bikin ƙanwarta har yanzu ba abin da ta yi, gashin tsuntsu ɗaya ne kawai ya karye. Ita ta tsince furannin Rhona daga ƙasa, ta sa mini a jaka ba ta ce komai ba. Shi ya sa nake haƙuri da bakinta.

Washegari bayan coci ina zaune a kujerar taga, rigar a cinyata. Ganzi daga kafaɗa ake saƙo hannunta zuwa ƙasa, don haka bakin kawai ake warwarewa, ba a taɓa sauran. Na warware ke nan waya ta yi ƙara. Rhona.

"Lahadi mai zuwa za mu zo cin abincin rana ni da yara. Sun dame ni da tambayarki. In kina so ki ce masa ya zo. Amma ba da rigar ba."

Na karanta, na sake karantawa. Ta yi tafiya mai nisa kafin ta rubuta wannan, na san 'yata. Ta miƙo jikoki, ta miƙo kujera a tebur, abu ɗaya ta riƙe. Kuma da sauƙi in ce to. Wattie ba zai ce uffan ba, zai zo da tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Sai dai na san in rigar ta shiga akwati ranar Lahadin nan, ba za ta fito ta gaba ba, kuma wata rana ni ma zan bi ta.

Na fara rubuta wa Wattie: "Lahadi, abincin rana. Hannun zai zama a shirye."

Ya amsa nan take: "to in kawo kifi"

Sannan na koma kan Rhona. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na bar wannan: "Ku zo da yunwa, zan yi wainar tuffa. Rigar za ta zo, don mai ita zai zo. Akwai kuma ragowar zare da tsinke biyar a kwando, in ciwon kan ya warke."

Ta gani, alamar ta nuna. Sai ga ɗigon nan uku suna rawa, tana rubutu. Suka ɓace. Suka dawo. Suka sake ɓacewa.

Na jingina wayar da tulun furanninta yadda zan riƙa gani, na mai da tabarau, na ɗauki tsinkena. Ɗigon sun sake dawowa. Ni dai na kama bakin hannun hagu, don ko me za ta ce, ranar Lahadi mutumin nan ba zai zauna a teburina da zare na reto ba.